Arziƙi ya ɓulla a ƙarƙashin gonarka: wa ke da ikon cewa a'a?

Anti Malama
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana cikinmu. Duk inda aka ce an gano zinare ko tagulla ko yuraniyom, da murna ake farawa. A yi taro, a sha jawabai, a ce alheri ya sauka. Kafin a je ko'ina sai ka ji matasa sun datse hanya, an ƙona motar kamfani, an turo 'yan sanda, an yi asarar rai. Da a ƙasa ɗaya ne sai mu ce halin mutanen wurin ne. To amma ga shi a Peru, ga shi a Indiya, ga Afirka ta Kudu, ga Gini. Mutanen da ba su san juna ba, harshe daban, addini daban, amma rigimar iri ɗaya. Ina bakin zaren yake?

Ɗan Auta
Wa alaikumus salam Anti. Ai wannan ba sai an nemo masana ba. Zalunci ne tsagwaronsa. A kwashe dukiya a bar wa mutane rami da ƙura.

Barista
Auta, zalunci na nan, ba musu. Amma ka tambayi kanka me ya sa ake yin sa da rana tsaka ba a tsoron kotu. Amsar tana cikin doka. A yawancin ƙasashen duniya, in ka cire irin su Amurka inda mai fili kan iya mallakar abin da ke ƙarƙashinsa, doka ta raba ƙasa gida biyu. Sama naka ne: ka noma, ka yi kiwo, ka gina, ka binne iyayenka. Abin da ke ciki kuwa na gwamnati ne.

Ɗauki Najeriya. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ƙara a sashe na 22 cewa aikin haƙar ma'adinai yana gaba da duk wani amfani da ake yi da ƙasa. Wato duk ranar da gona da rami suka haɗu, an riga an yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna.

To ga yadda abin ke kasancewa. A babban birni ake zana taswira, a yanka ta gida-gida, a ba da lasisi. Wanda ya sa hannu bai taɓa taka wurin ba. Mutanen gari kuma ba su san an yi ba sai ranar da suka ga baƙi da na'urar awo suna kafa turaku a tsakiyar shuka. Kamfani ya zaro takarda mai hatimi, manomi ya ce nan kakana ya sari daji. Kowannensu gani yake ɗayan ne ya shigo masa.

Injiniya
Barista ya kawo rabin magana. Bari in kawo rabin da ba a son ji, tunda sana'ata ce. Ba kowace rigima ce kamfani ke jawowa ba. Tsammani ma yana kashe zaman lafiya. Da an ga injin haƙar gwaji ya iso, gari ya ɗauka an fara kwasar zinare cikin dare. Alhali bincike ne kawai, kuma mafi yawan wuraren da ake bincike ba sa taɓa zama mahaƙa. Wanda ya dace ma yakan kwashe shekara goma ko fiye daga ganowa zuwa fara fitar da kaya, kuma duk tsawon lokacin nan kuɗi fita suke yi.

Sai batun aiki. Lokacin gini ana ɗibar leburori da yawa. Da an gama sai a sallami mafi yawansu, domin mahaƙar zamani injuna ke yin ta. Mutum ya ba da gonarsa yana sa ran ɗansa zai samu aikin dindindin, sai yaron ya ƙare a gadi ko ɗaga tuta a bakin hanya, mai tuƙa babbar motar kuwa daga wani wuri aka ɗauko shi saboda shi ke da takardar ƙwarewa. Laifin wa? Wanda ya yi alkawarin aikin yi a wurin taro sau da yawa ɗan siyasa ne, ba manajan kamfani ba.

Kada kuma ku ɗauka kamfani yana cin ribar rigima. A 2014 masu bincike daga jami'o'in Harvard da Queensland sun fitar da rahoto cewa babbar mahaƙa, irin wadda aka zuba wa dala biliyan 3 zuwa 5, tana asarar kimanin dala miliyan 20 a duk makon da aiki ya tsaya. Aikin Conga a yankin Cajamarca na Peru, mai kusan dala biliyan 5, a kan tafkuna huɗu ya mutu. Manoma suka ce ba za a taɓa musu ruwa ba, aka dakatar da aikin a ƙarshen 2011, aka kashe mutum 5 a zanga-zangar Yulin 2012, kamfanin Newmont ya haƙura ya jingine shi a 2016. Ba mai hankalin da zai so haka.

Ɗan Auta
Allah sarki kamfani, dala miliyan 20 a mako. Mu taya su kuka ke nan, Yallaɓai?

Baba Mai Ritaya
Yaro, bar gatse, Injiniya bai faɗi ƙarya ba. Sai dai Injiniya, ka duba misalin da ka kawo da kanka. Mutanen Conga ba aiki suka ce an hana su ba. Ruwa suka ce. Wannan ba tsammani ba ne, tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe, domin mutane suna ganin abin da ya samu waɗanda aka fara yi wa.

Ku dubi Filato. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar kuza a can. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, har aikin tilas aka yi, ana kwaso mutane daga larduna ana kai su ramukan cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Kamfanoni suka watse. Me ya rage? Kududdufai fiye da dubu a filayen da a da gonaki ne. Wasu ana noman rani a bakinsu, wasu kuma suna cin yara da dabbobi har gobe. Wanda ya tashi yana ganin wannan, in ka zo masa da zancen ci gaba, da wane kunne kake so ya saurare ka?

In kuma kuna son ganin inda abin ke kaiwa idan aka yi kunnen ƙashi, ku karanta tarihin tsibirin Bougainville a Papuwa Sabuwar Gini. An buɗe mahaƙar tagulla ta Panguna a 1972. Ita ke samar da fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa waje. Dagwalon da ke saura bayan an tace tagullar kuwa cikin kogin Jaba ake zuba shi. Masu ƙasa suka yi ta ƙorafi ba a kula su ba. A ƙarshen 1988 wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Francis Ona, da mutanensa suka fara kayar da turakun lantarki da nakiya. A watan Mayun 1989 mahaƙar ta rufe, har yau ba ta sake aiki ba. Yaƙin da ya biyo baya ya ɗauki kusan shekara goma, ana ƙiyasin ya ci rayuka tsakanin 10,000 da 20,000. A 2019 suka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 98 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa. Rigimar diyya da gurɓatar kogi ce ta zama ta raba ƙasa.

Dakta
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ɗan dagula lissafin kafin a ɗora wa manyan kamfanoni komai. Mafi munin abin da haƙar ma'adinai ta yi wa yara a Najeriya ba babban kamfani ne ya yi shi ba. A 2010 aka gano gubar dalma a Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Farashin zinare ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsun cikin gida, ana farfasawa a tsakar gida, ana niƙawa a injin niƙa. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa ta har abada.

Abin da ya sa na kawo wannan: ƙungiyar likitoci ta MSF ba ta iya fara ba yara magani a gari sai an kankare ƙasar da ta gurɓata an zuba sabuwa, domin in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi kan ƙurar nan aikin banza ka yi. Bagega sai 2013 aka saki kuɗin share ta. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A irin wannan, wa za a datse wa hanya? Mai haƙar ɗan gari ne, yaron da ya mutu ɗansa ne.

Ɗan Rami
Dakta, na ji, kuma abin da zafi. Ni ina cikin masu shiga rami, ba zan kare abin da ya faru ba. Amma tunda an taɓo mu bari in faɗi namu.

Mu ake kira ɓarayin ma'adinai. To wa ke gano wurin? Mu ne ke bin jijiyar dutse da diga da tocila a goshi, wata da watanni, wani rami ya rufta da mutum, wani a tashi ba ko ƙwaya. Ranar da wuri ya yi albarka labari ya bazu, sai ga mutum da takarda daga birni ya ce tun bara nan nasa ne. Ya zo da jami'an tsaro, a kore mu, a ƙwace injin ban ruwa da na niƙa. Wani mai lasisin ma ba haƙar zai yi ba. Zai bar mu mu ci gaba, da sharaɗin shi kaɗai za mu sayar wa, a farashin da ya ga dama. In mun yarda mu ma'aikata ne, in mun ƙi mu ɓarayi ne.

An ce mu yi ƙungiya mu yi rajista. Wanda ke tono don abin da zai kai gida yau, ina ya ga kuɗin lauya da na zirga-zirgar ofis? Zaibar da muke wanke zinare da ita mun san tana da illa, muna shaƙar hayaƙinta idan ana ƙonawa. A nuna mana wata hanyar da za mu iya saye mu gani in mun ƙi.

Injiniya
Ɗan Rami, wanda ka kwatanta dillalin lasisi ne, ba mai haƙar ma'adinai ba, kuma mu ma sun dame mu. Suna riƙe fili ba aiki, suna jiran wanda za su sayar wa takarda.

Kawu
Ina bin ku tun ɗazu. A ƙara da Nijar. An fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971 ta kamfanin Somair, Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978. Shekara hamsin ana kunna fitilun Faransa da shi. Tashar kwal ta Sonichar ma da farko don ba mahaƙun wuta aka gina ta, yayin da yawancin 'yan ƙasar ba su da lantarki. Cominak ya rufe a ƙarshen Maris 2021, ya bar tarin dagwalo mai tururin nukiliya kimanin tan miliyan 20. Tun 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna tururin a titunan Akokan ta ce ya wuce ƙima sosai. Makiyaya kuma maganarsu ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda a hamada in ya tafi ba ya dawowa.

Tawayen ƙungiyar MNJ ta 'yan arewacin Nijar na 2007 zuwa 2009, rabon kuɗin yuraniyom na cikin manyan buƙatunsa. Dokar ƙasar ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. A takarda ke nan. Yanzu gwamnatin soja ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom a Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, ta mayar da Somair mallakar ƙasa a 2025. Mutane sun yi ta tafi. Ni tambayata ita ce: in mai rami ya sauya daga Bafaranshe zuwa gwamnatinka, mutumin da ke zaune kusa da tarin dagwalon nan me ya sauya masa? Wa zai kai ƙara yanzu, kuma wurin wa?

Anti Malama
Kawu, wannan tambayar ta tsaya mini. Amma Barista, na ji ana cewa dole kamfani ya yi yarjejeniya da gari kafin ya fara. Ba gaskiya ba ne?

Barista
Gaskiya ne Anti. A dokar Najeriya ta 2007, sashe na 116 ya wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki kafin ya fara, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Ƙasashe da dama suna da irinta. Matsalar kalma ɗaya tak: wane ne gari? Wa ya sa hannu?

Injiniya
Nan kam ba zan kare kowa ba, domin na ga yadda ake yi a wani wuri da na yi aiki. An kafa rumfa, an jera kujeru, manya a gaba. Wani ya tashi ya karanta taƙaitaccen rahoton tasirin aikin ga muhalli, littafi mai kauri kamar bulo, da Turanci, tafinta yana tsinto abin da ya sawwaƙa. Aka zagaya da takarda aka ce kowa ya rubuta sunansa ko ya dangwala yatsa, shaidar ya halarta. Wata tsohuwa daga can baya ta ɗaga murya ta tambayi rafin da suke ɗiban ruwa, aka ce Mama za a zo kan wannan. Ba a zo ba. Takardar halartar nan ita aka liƙa a bayan rahoto a matsayin shaidar an tuntuɓi jama'a sun amince.

Ranar ƙidayar diyya kuma ma'aikaci ne da allo yana bin gona yana ƙirga abin da ya tarar a tsaye: bishiya kaza, shuka kaza. Gonar da aka bari ta huta ba ta da ko sisi, tunda ba komai a kanta. Makiyayin da ke ratsawa da dabbobinsa duk shekara ba ya cikin lissafi. Mai aron gona ba ya ciki. Matar da ke itace da ganyen magani a dajin ba ta ciki. Kuma abin da aka biya na amfanin da ke tsaye ne, sau ɗaya, alhali gonar tana ciyar da gidan duk shekara tun kakanni.

Anti Malama
Ka ga inda nake so a zo. Ruwa mace ke ɗebowa, ita ta fara sanin rijiya ta ja baya ko launin rafi ya sauya, ita ke jinyar yaro mai tari. Amma kuɗin diyya hannun maigida ake damƙawa, a wurin taro kuma tana can bayan rumfa.

Baba Mai Ritaya
Malama, Bougainville ɗin da na ambata ta wajen uwa ake gadon ƙasa a yawancin yankunanta, amma da maza aka yi ciniki. Tun 1969 mata suka tare masu awon fili a Rorovana har 'yan sanda suka sa musu kulki da barkonon tsohuwa. A 1987 kuma matasa ne suka ture dattawan ƙungiyar masu ƙasa ta Panguna, suna zarginsu da cin moriyar kamfani su kaɗai, wata mace, Perpetua Serero, ta hau shugabanci. Kafin a juya kan kamfani, gida ne ya fara tsagewa. Haka yake kusan ko'ina: mai sarauta da 'yan kwamiti su samu kwangilar kawo leburori da yashi, sauran su samu ƙura, sai ɗan'uwa ya daina gaisawa da ɗan'uwa.

Ɗan Auta
To ai shi ke nan. A ba gari ikon cewa ba ma so, magana ta ƙare.

Barista
An yi a wasu wurare, Auta. A garin Tambogrande na Peru, manoman mangwaro da lemun tsami sun shirya ƙuri'a a 2002 kan wani kamfanin Kanada mai neman zinare, fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce a'a, a ƙarshen 2003 gwamnati ta janye daga aikin. A Indiya, kotun ƙoli ta yanke a Afrilun 2013 cewa majalisun ƙauyukan ƙabilar Dongria Kondh ne za su ce ko kamfanin Vedanta zai haƙi tsaunin Niyamgiri, wanda suke ɗauka wuri mai tsarki. Ƙauyuka 12 aka tambaya, duka 12 suka ƙi. A Afirka ta Kudu, babbar kotu a Pretoria ta yanke a Nuwamban 2018 cewa ba za a ba da lasisin haƙa a Xolobeni ba sai da yardar mutanen wurin, jin ta bakinsu kawai bai wadatar ba. Amma kafin a kai nan an harbe shugaban masu adawa da aikin, Sikhosiphi Rhadebe, a Maris 2016.

A matakin duniya akwai yarjejeniya ta 169 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 1989, da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin wuri, masu maganar a nemi yardar mutane tun kafin a fara, ba tilas, bayan an yi musu cikakken bayani. Sai dai ƙasashe kaɗan ne suka rattaba hannu a ta 1989 ɗin, ta 2007 kuwa ba ta da ƙarfin doka.

Injiniya
A nan zan rabu da ku. In kowane ƙauye yana da ikon hanawa, wayar da Auta ke rubutu da ita daga ina za ta fito? Ana ta kiran a koma hasken rana da motoci masu batir. Tagulla da litiyom da kobal ɗin daga sama za su faɗo? Kuma ma'adinin na 'yan ƙasa ne duka. Harajinsa ne zai gina asibiti a garin da ba shi da ko tsakuwa. Da wane dalili mutum dubu biyu za su hana miliyoyi?

Ɗan Auta
Da dalilin cewa su dubu biyun ne za su sha ruwan. Kai da kake cin albashinsu dole ka faɗi haka.

Shugaban Zaure
Auta, a kiyaye harshe. Injiniya ya girme ka, kuma shi ne ya faɗa mana abin da ake yi da takardar halarta ba wanda ya tilasta shi. A ci gaba da hujja.

Anti Malama
Injiniya, ni ban ɗauki ikon cewa a'a a matsayin rufe duk ramukan duniya ba. Wanda aka san ba zai iya ƙi ba, ba a ciniki da shi, sanar da shi ake yi. Ranar da kamfani ya san gari na iya cewa a'a, ranar ce zai fassara littafin nan, ya amsa wa tsohuwa maganar rafinta. Mafi yawan garuruwa ba ƙin arziƙi suke yi ba, sharaɗi suke so su gindaya.

Hujjar miliyoyi kuma da ta fi ƙarfi in da ana ganin asibitin. Yankin Boke na Gini shi ke fitar da mafi yawan ma'adinin da ƙasar ke sayarwa don yin alminiyom, amma a 2017 mutanen garin tarzoma suka yi kan rashin wuta da ruwa, har aka rasa rayuka.

Kawu
A ƙara da Marikana, mahaƙar filatinam a Afirka ta Kudu. An san ta da ranar 16 ga Agustan 2012 da 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya fito a gaban hukumar bincike: kamfanin Lonmin ya ɗauki alkawarin gina gidaje 5,500 a matsayin sharaɗin lasisinsa, guda 3 ya gina. Ba wanda ya karɓe lasisin. Sharaɗin da ba mai bibiya ba sharaɗi ba ne.

Baba Mai Ritaya
Don kada a ce ba inda aka dace, a Afirka ta Kudun dai akwai al'ummar Bafokeng. Tun ƙarni na 19 sarkinsu Mokgatle ya riƙa tura samari aikin lu'ulu'u a Kimberley, ana tara kuɗin ana sayen filayensu da takarda, da sunan 'yan mishan saboda doka ta hana baƙar fata mallaka. Da filatinam ya ɓulla a ƙarƙashinsu suna da abin riƙewa. Sun yi shekaru suna shari'a da kamfanin Impala, a 1999 aka sasanta za a riƙa ba su kaso 22 cikin 100 na ribar haƙar, daga baya suka mayar da shi hannun jari. Su ma suna da rigingimunsu na cikin gida kan yadda ake kashe kuɗin. Amma a teburi suka zauna a matsayin masu ƙasa, ba masu roƙon rijiyar burtsatse ba.

Dakta
Akwai abu ɗaya da ba a auna shi sai an makara. In gari ya ce ruwanmu ya lalace, kamfani zai ce dama can haka yake. Wa ke da shaida? Ba wanda ya auna rijiyoyin, ko jinin yara, ko ya ɗauki hoton bangon ɗakuna kafin a fara fasa dutse da nakiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awon nan kafin a sa diga ya kamata a yi shi, a hannun wanda ba kamfani ke biyansa ba, gari ya riƙe kwafinsa.

Injiniya
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, mu ma zai kare mu daga ƙagen da ake yi mana. Zan ƙara da madatsar dagwalo, wadda ita ce abin da ke hana irina barci. A Birazil ta Mariana ta fashe a Nuwamban 2015, ta shafe ƙauyen Bento Rodrigues, mutum 19 suka mutu, laka ta bi kogin Doce har teku. A ranar 25 ga Janairun 2019 ta Brumadinho ta fashe, mutum 270, da yawansu ma'aikatan kamfanin Vale ne da ke ɗakin cin abinci a ƙasan madatsar, jiniyar gargaɗi ba ta yi ƙara ba. Duk garin da ke ƙasan irin wannan madatsa yana da haƙƙin ya san ta ina lakar za ta bi in ta ɓalle, da minti nawa yake da shi.

Amma har yanzu ban yarda da ikon hanawa kai tsaye ba. A ce kotu ko wata hukuma mai zaman kanta ta raba gardama in an kasa daidaitawa, wannan zan iya ɗauka.

Barista
To ai ka matso, Injiniya. Sai dai hukumar da kake magana, in gwamnatin da ta ba da lasisi kuma take jiran haraji ita ce za ta naɗa ta, mun koma gidan jiya. Ka lura a Niyamgiri da Xolobeni kotu ba ta yanke cewa a haƙa ko kada a haƙa ba. Cewa ta yi a koma a tambayi mutanen.

Ɗan Rami
Barista, in an koma tambayar mutanen, mu muna ciki? Rabin waɗanda muke rami ɗaya da su ba 'yan garin ba ne, wasu ma ba 'yan ƙasar ba ne, amma sun shekara da shekaru a wurin, sun yi aure sun haifu. Kamfani ba ya ƙirga mu, mai gari ba ya ƙirga mu sai ranar karɓar kasonsa.

Barista
A dokar da na sani, ba kwa ciki. Yarjejeniyar da garin da ke karɓar baƙuncin aikin ake yin ta, diyya kuma ta mai fili ce ko wanda ke zaune a kansa bisa ƙa'ida. Hanyar da ta rage muku ita ce ƙungiyar haɗin kai mai rajista, ku nemi ƙaramin lasisi a kan wurin da kuke tun kafin wani ya riga ku. Ka turo mini saƙo ta gefe in lissafa maka takardun da ake nema, ka ga ko za ku iya haɗa kuɗin ku da yawa.